Me ya sa fita daga manhaja ya fi shiga wuya?

Buɗe asusu a manhaja ba ya cin minti biyu. Ka sa suna da lambar waya, a turo maka lambobin tabbatarwa, shi ke nan ka shiga. Ranar da ka ce za ka fita ne za ka ga an ɓoye ƙofa. Sai ka yi ta lalube, ƙarshe a ce ka rubuta imel, ka zauna jiran amsar da ba lallai ta zo ba. A ganina wannan ba sakaci ba ne, domin bayanan mutane su ne jarin waɗannan kamfanoni, kuma ba mai son jarinsa ya ragu.

Ko a Facebook, da ya tanadi hanyar gogewa, dakatar da asusu daban, goge shi daban. Wanda ya dakatar, hotunansa da rubuce-rubucensa suna nan a ajiye. Wanda ya nemi a goge kuwa, ana ba shi kwana 30 ko zai sake shawara, aikin kuma na iya kaiwa kwana 90, sannan saƙonnin da ya aika wa abokai suna nan a wurinsu. Da yawa daga cikinmu ma cire manhajar kawai muke yi daga waya, mu ɗauka an gama, alhali ko harafi ɗaya bai gogu ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki idan an ajiye? Abin da aka ajiye shi ake sacewa. A 2021 an watsa bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 a intanet, har da lambobin waya, kuma kusan miliyan 9 daga ciki na ’yan Najeriya ne. Ga kuma matsalar da ta fi kusa da mu: layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa kan sake sayar da shi. Budurwar da ta yar da tsohon layinta kafin aure, ta bar asusu rataye da shi, wani baƙo na iya karɓar lambobin tabbatarwa ya shiga cikin hotunanta da hirarrakinta. Manhajojin ba da bashi kuwa, waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, wa ya san abin da suke yi da su bayan an biya su kuɗinsu?

Doka dai akwai. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai, wato GDPR, a 2018, wadda ta ba mutum ikon neman a goge bayanansa. Tun 2022 kamfanin Apple, mai ƙera wayar iPhone, ya wajabta wa duk manhajar da ke rumbun manhajojinsa, wadda ake buɗe asusu a cikinta, ta sa hanyar goge shi a ciki. Najeriya ma ta kafa dokar kare bayanai a 2023, tare da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, kuma haƙƙin gogewa na cikinta.

Na yarda ba komai ne za a share nan take ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta umarci masu samar da sadarwa su riƙe wasu bayanai na shekara biyu, kuma banki ba zai share tarihin cinikinka don ka yi fushi ba. Amma riƙewa don bin doka ba hujja ba ce ta riƙe komai har abada. Ya kamata NDPC ta tilasta wa kowace manhaja da ke aiki a ƙasar nan ta sa maɓallin gogewa a fili, ta kuma faɗi abin da za ta riƙe, da dalili, da ranar da za ta share shi, cikin harshen da mai amfani da ita ke ji, har da Hausa.