Karkatar idon jariri ba aikin iska ba ne

Idan aka haifi jariri gefen idanunsa ya ɗaga sama, sai ka ji ana raɗe-raɗin wai aljanu ne suka yi musanya, ko uwar ta yi yawon magariba da ciki. Ko kusa ba haka ba ne. Sau da yawa kamannin dangi ne kawai. Amma in abin ya haɗu da sanyin jiki da rashin ƙarfin tsoka, da harshe mai yawan leƙowa, da layi ɗaya da ya ratsa tafin hannu, likita kan yi zargin lalurar Down, wato yaron na da kuromosom (ƙananan abubuwan da ke ɗauke da halittar gado a cikin ƙwayoyin jiki) 47 maimakon 46. Gwajin jini ke tabbatarwa. Don Allah a gaggauta duba zuciyarsa, domin kusan rabin irin waɗannan yara da ciwon zuciya ake haihuwarsu.