Waldar WhatsApp

Ciwon baya ne ya sa na sayi tarakta. Ba irin ta gona ba, 'yar ƙarama ce da Turawa ke hawa suna askin ciyawar gida: tsohuwar Wheel Horse ja, cikin waɗanda aka ƙera a South Bend ta jihar Indiyana a Amurka tun kafin kamfanin Toro ya saye su a 1986. A gwanjo na same ta, haɗe da faffaɗan ƙarfen ture dusar ƙanƙara mai faɗin inci 48. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a gefen Cleveland ya san aiken dusar ƙanƙara da tafkin Erie ke yi mana. Ka kwanta da mota a ƙofar gida, ka tashi ka tarar da tudu.

Sarƙa ce ke haɗa liba da ƙarfen. Ka ja liba ya ɗaga, ka saki ya sauka da nauyin kansa. Sabuwar dusa yana kwashe ta tas, amma wadda tayoyin mota suka daddanne, shafa ta kawai yake yi ya wuce.

Sai na kira Yayana a Kano. Ya tsufa a walda, sai dai ƙanƙarar da ya sani ita ce ta cikin zoɓo. Na haska masa ƙarƙashin taraktar a waya, ya ɗan yi tsaki.

"Kai yaro, sarƙa ja take yi, ba ta turawa. Cire ta ka sa rodi. Kuma kada ka yi rowar tsawo."

Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ban ja ba. Na yanko rodi mai kauri, na ba shi tsawo har da gyara. Da na ga na'urar huda a hannuna, sai na ƙara sabon huji can ƙarshen hannun ɗagawa, don ƙarfen ya riƙa tashi sama sosai. Yana tashin kuwa. Sai dai duk nisan da hujin ya yi da madogara, haka nauyi ke ƙaruwa a liba, har ta kai sai na miƙe tsaye na kama da hannu biyu ina nishi.

Washegari da sassafe uwargida ta tsaya a taga da waya, wai Yaya ya ce a ɗaukar masa. Na yi bisimilla na danna liba ƙasa. Ƙarfen ya ciji ƙasa, rodi bai gama miƙewa ba, sai ya ɗaga gaban taraktar. Tayoyin gaba suka bar ƙasa kamar yatsa uku. Ni ban gani ba, na sa giya.

Na murɗa sitiyari hagu, tarakta ta miƙe. Na murɗa dama, ta miƙe. Tayoyin suna can suna waige-waige a iska, ni kuma ina kankare tsakuwar hanya ina tura ta gidan maƙwabci.

"Maigida, birki! Taka birki mana!"

Na taka, takalmin da ya sha ƙanƙara ya zame. Akwatin wasiƙun maƙwabcina ne ya tsayar da mu, shi ma bayan ya kwanta.

Tsohon Baturen ya fito da kofin gahawa a hannu, ko kallon akwatin bai yi ba. Ya durƙusa ya leƙa rodin ya daɗe. Ya ce sakin da sarƙa ke yi da gangan ne, shi ke barin ƙarfen ya bi tudu da kwari. In ina son danniya, in rage tsawon rodin, in tsaga masa dogon huji yadda ƙusar da ke riƙe shi za ta riƙa zamewa, sai ranar da ƙanƙara ta taurare in kulle ta da noti. Hujin da na ƙara kuma in manta da shi. Daga nan ya tambaya ko injiniyan da ya zana wannan yana nan kusa.

Na ce yana wata nahiya.

Kafin azahar bidiyon ya zaga zauren danginmu kaf, har ƙanwar babarmu ta aiko da jaje. Da yamma Yaya ya kira, na ɗauka a shirye da ƙorafi. Bai bari na fara ba.

"Na kalla. Rodin dai bai karye ba, ko?"