Laifin hatsarin mota bai tsaya a kan direba ba

Duk lokacin da aka yi mummunan hatsarin mota a Najeriya, bayanin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: gudun wuce sa'a, tuƙin ganganci ko lodin da ya wuce kima. Sai a yi wa mamatan addu'a, a ja kunnen direbobi, a rufe zancen. Ba na wanke direbobinmu, amma zamana a ƙasar Suwidin ya sa na daina yarda cewa a wuyansu kaɗai alhakin yake.

A shekarar 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da wata manufa wadda ta ce bai kamata kowa ya mutu ko ya ji mummunan rauni a kan hanya ba. Tushen manufar shi ne ɗan Adam ajizi ne, zai yi gyangyaɗi, zai yi kuskuren wuce mota, saboda haka wajibi ne masu tsara hanya su gina ta yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Suka kafa shingen igiyar ƙarfe a tsakiyar manyan hanyoyi domin hana taho-mu-gama, suka mayar da mahaɗai da dama shataletale, suka rage gudu zuwa kilomita 30 a awa a unguwanni da kusa da makarantu. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk hatsarin da aka rasa rai a cikinsa sai hukumar sufuri ta binciki hanyar da motar, ba domin neman wanda za a ɗaure ba, sai domin gano abin da za a gyara. Masu mutuwa a shekara sun ragu daga sama da 500 a 1997 zuwa ɗan sama da 200, alhali motoci ƙaruwa suka yi.

Mu ma muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, kuma ma'aikatanta suna ƙoƙari. Sai dai tana ƙidaya mamata wajen 5,000 a shekara, yayin da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta kusan 40,000, wato ko girman matsalar ba mu gama sani ba. Da motar 'yan wasan Kano ta faɗa daga gadar Ciromawa a watan Mayun 2025 aka rasa mutum 22, da a Suwidin ne, tambayoyin da za a fara yi su ne: yaya ƙarfin shingen gadar yake, kuma awa nawa direban ya yi yana tuƙi daga Ogun? Haka tankar man da ta kife ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150. An yi ta zargin masu kwasar fetur, amma kaɗan ne suka tambayi dalilin da ya sa man ƙasa guda yake yawo a tanka ta tsakiyar garuruwa.

Za a ce Suwidin mai arziki ce, kuma gaskiya ne. Amma shingen gada, da fentin layi, da tudun rage gudu a bakin kasuwa, da ƙayyade awannin tuƙin direban haya tun daga tasha, ba su kai kuɗin gadar sama guda daga cikin waɗanda gwamnoni ke tseren ginawa ba. Zan so a wajabta wa ma'aikatar ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa wallafa sakamakon bincike a kan kowane babban hatsari, tare da gyaran da za a yi wa wurin da ranar kammala shi.