Gwiwar Bakanike Ta Shiga Gareji

Likita: Sannu Baba, me ke tafe da kai?

Bakanike: Gwiwar nan ce, Likita. Kwana 10 ke nan ta kumbura kamar tayar da aka cika wa iska. Ina jin ƙashi ne ya goce.

Likita: Miƙe ƙafar in gani. Ƙashinka lafiya lau. Akwai wani siririn tantani da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, shi ke fitar da ruwa mai yauƙi don kada ƙasusuwa su gogi juna.

Bakanike: Baƙin mai ke nan!

Likita: Kusan haka. To shi ne ya kumbura. In ya kumbura kuwa sai ya yi ta zubo ruwa fiye da kima, gwiwa ta cika, ta yi ɗumi, ta ƙi lanƙwasuwa.

Bakanike: Ikon Allah! Injin da ke ƙara wa kansa mai? Da haka motoci suke, da tuni yunwa ta kashe ni.

Likita: Ka bugu ne, ko kana yawan tsugunno?

Bakanike: Ni? Yara ke aiki, nawa umarni.

Uwargida: Malam, ka ji tsoron Allah. Likita, tun safe yana durƙushe gindin mota har magariba.

Likita: Wahalar da gaɓa kan jawo shi. Amma wani lokaci garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin, ko ƙwayar cuta ta shiga. Akwai zazzaɓi?

Uwargida: Babu, sai mita.

Likita: Madalla. In zazzaɓi ya zo, gwiwar ta yi ja da zafi, ko tsakar dare ne ku taho. Yanzu sai hutu, da ɗora ƙanƙara a cikin tsumma minti 15, da maganin rage kumburi. Zan kuma zuƙe ruwan a kai ɗakin gwaji.

Bakanike: Yawwa, juye! Aikina ne. Ina noti yake in kwance maka?

Likita: Ba noti, Baba. Da wannan za a zuƙe.

Bakanike: Wannan allura ce ko sukundireba? Likita, gwiwar ta yi sauƙi. A bar ta tukuna, a dawo gobe.

Uwargida: Shekara 30 abin da kake gaya wa masu motoci ke nan. Kwanta!