Ni da renon tumatir a ɗaki

Tsadar tumatir ce ta sa na rantse bana sai na noma nawa. Sai dai tsakar gidanmu mallakin kaji ne, mu 'yan haya ne kawai a wurinsu, don haka na ce a ɗaki zan reni irin. Na cika kiret ɗin ƙwai da ƙasa da taki, na zuba iri, na lulluɓe da leda, na tura lungun bayan ƙofa.

Kwana 6 suka tsiro. Kafin mako biyu sun yi zaƙwal-zaƙwal, sirara kamar zaren ɗinki, duk sun karkata wajen taga sai ka ce masu jiran a raba zakka. Na kira uwargida in yi mata burga. Ta leƙa ta ce, "Malam, taliya ka shuka?"

Ƙanena da ya karanta aikin gona ne ya ƙarasa kashe min jiki. "Yaya, wannan ba girma ba ne, yunwar haske ce." Wai tsiro na son haske awa 14 zuwa 16 a rana, fitilar kuma kusa da ganye, tazarar kamar faɗin tafin hannu. Ledar ma tun ranar da suka ɓullo ya kamata in cire, domin laima ba iska ita ke kawo funfunar da ke ruɓar da kara daga gindi. Na duba kuwa, guda biyar sun kwanta, ƙasar ta yi furfura. Ya ce in sa musu fanka kaɗan-kaɗan, kaɗawar ce ke sa kara ya yi ƙwari.

"Kaɗan-kaɗan" ɗin nan ne ban ji ba. Na rataya fitila mai caji da igiyar shanya, na saita fankar uwargida a lamba uku, sai aka ɗauke wuta, na manta na kwanta. Tsakar dare aka kawo ta. Da asuba na tarar da rabin gonata a ƙarƙashin gado.

Uwargida ta ƙwace fankarta. Saura tsiro 9, na ce to iskar Allah ma ta isa, na buɗe musu ƙofa na tafi masallaci.

Da na dawo, baƙar kazar nan ce tsaye a kan kiret ɗin, tana goge baki.