Takardar konvokasiyon ba ta sasanta maƙwabta

A layinmu nan Marwa, arewacin Kamaru, akwai wasu mutum biyu da suka shekara fiye da ashirin suna sallah a sahu ɗaya, ɗaya albasa yake sayarwa ɗayan kuma tela ne. Bashi ne ya shiga tsakaninsu, sefa dubu 35, telan ya karɓa lokacin da matarsa ta haihu yace bayan sallah zai biya, sallah ta wuce bai biya ba, wata biyu wata uku har magana ta fara zafi a bakin shago. Mai albasa bai je wajen liman ba, bai je wajen jauro, wato mai unguwa, ba, ya tafi kai tsaye wajen ƴan sanda ya kai plent, wato ƙara. Ran juma'a bayan an sauko masallaci aka kawo wa telan takardar konvokasiyon, wato sammaci, da la'asar ya tafi da ƙafarsa yana ce wa yara su ajiye masa tuwo yanzu zai dawo. Bai dawo ba sai litinin da hantsi.

Ni na raka ƙanensa kai masa abinci ran asabar. Na ga takalminsa da hularsa da tazugen wandonsa a ajiye gefe ɗaya, shi kuma yana leƙowa ta ƴar ƙaramar taga, dattijo da furfurarsa, ko ido bai iya haɗawa da mu ba. Kafin ya fito abinda dangi suka kashe ya kusa kai bashin kansa, kuma bashin har yau ba a gama biya ba. Gaisuwa dai ta ƙare. Matansu sun daina shiga gidan juna, yaran da suke tafiya makarantar allo tare yanzu kowa hanyarsa daban, kuma wallahi duk layin mun san cewa ko an biya kuɗin nan gobe telan bazai manta da kwana ukun nan ba.

Shi yasa idan aka tambaye ni ko kiran ɗan sanda yana kashe rigima cikin lumana, amsata ita ce ya danganta da wace rigima, amma a irin wadda muka fi kai musu, a'a. Bashi, faɗan kishiyoyi, ruwan kwata da ya gangara ƙofar maƙwabci, akuya ta ci dawar wani, waɗannan duk maganar zama ce a tabarma. Wanda ya ɗauke ta ya kai komisariya ko birgad, wato ofishin ƴan sanda ko na jandarma, yawanci ba sulhu ya je nema ba, so yake a nuna wa ɗan'uwansa iyakarsa, zaka ji ana faɗa da baki ma, "sai na sa an kulle ka". Ofishin da aka gina don kama ɓarawo ya zama sandar da mai ɗan hali yake dukan wanda bai kai shi ba, kuma laifin nan na mu ne da su baki ɗaya, mu da muke kaiwa da su da suke karɓa.

Abin da ya fi ci min rai shine doka bata ce haka ba. Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a 2005 ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2007, ta faɗi ƙarara cewa tsare mutum a sel, abinda suke kira gard-a-vu, awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da izinin prokurer, mai gabatar da ƙara na gwamnati, a rubuce. Ta ce mutumin da aka san gidansa ba a tsare shi haka kawai sai in babban laifi ne ko an kama shi dumu-dumu kuma akwai hujja mai ƙarfi a kansa. Ta kuma hana a fara tsare mutum ran asabar ko lahadi ko ranar hutu in ba kama shi aka yi yana cikin aikata laifin ba, amma in an fara tun juma'a to yana iya zarcewa, kun ga dalilin da yasa duk wanda ya san gari yake tsoron takardar da ta zo ran juma'a da yamma. Bashi tsakanin mutum biyu kuwa asalinsa maganar kotun farar hula ce, saidai a wajen rubuta plent sai a canza masa suna ya koma cin amana ko damfara, shikenan ya zama laifi. Telan namu yana da gida yana da shago, kowa ya san inda yake kwana, amma bai san ko layi ɗaya na wannan doka ba, mu ma da muka raka shi a lokacin bamu sani ba.

Ga kuma maganar harshe da ba a cika kawowa ba. Mutum ya yi bayaninsa da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa, wani ya fassara yadda ya iya, a buga da Faransanci, a miƙo masa biro ace sa hannu nan. Yaya zaka yarda da takardar da baka san me ke cikinta ba?

To sai ɗaya gefen, wanda shi ne ya fi haɗari. Ranar da ake buƙatarsu da gaske, ɓarawo ya haura katanga ƙarfe biyun dare, ko an sari wani da wuƙa, sai ka ji mutane suna cewa wa zai kira 117 na ƴan sanda, wa zai kira 113 na jandarma, kafin su zo an gama komai, ko a ce maka babu mai a mota. Kusan kowa a unguwa yana da irin wannan labarin, nasa ko na wani nasa. Daga nan sai samari su ɗauki doka a hannu, a kama yaro da zargin satar babur a yi ta duka da itace da dutse, wani lokaci har rai, daga baya ma a gano ba shi bane. Ba banza ba mutane suka laƙaba wa masu tsayawa kan hanya suna manj-mil, mai cin dubu, sunan nan daga kudu har arewa an san shi, kuma duk dubu ɗayan da aka karɓa hannun ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da rana ita ce take hana shi ɗaga waya da dare ya faɗi abinda ya gani.

Bana cikin masu cewa dukkansu ɗaya ne. Mu da muka ga watan Yuli na 2015 a garin nan, lokacin da bama-bamai suka tashi a kasuwa da cikin unguwa, mun san su waye suka kwana a titi muna barci. Kafin nan ma zamanin zargina masu tare hanya, ba a bin wasu hanyoyin arewa sai da rakiya. Akwai masu aiki tsakani da Allah, mutum kaɗan, mota ɗaya, yanki mai faɗi. Su ma rashin yardar nan tana cutar da su, domin ɗan sandan da jama'a basa gaya wa komai makaho ne ko da bindiga goma ya rataya.

Kuma kar wani yace to ai sai mu koma wajen sarakuna gaba ɗaya. Eh, dokar 1977 da ta tsara sarautun gargajiya ta ba lamido da lawan da jauro ikon sasanta jama'arsu, kuma a ƙananan rigingimu sun fi kowa iyawa saboda sun san uban kowa, sun san wa ya fara. Amma can ma akwai son kai, akwai wanda zai fi ka don ya riga ka kai goro, kuma akwai abubuwan da bai kamata a binne su a zaure ba. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, matar da aka karya wa hannu, wannan ba maganar "a yi haƙuri a rufa asiri" bace, wannan kam a kira hukuma kuma a tsaya a kai har ƙarshe. Mun juya abin ne, ƙaramar magana mu kai ta ofis, babba mu ɓoye ta a gida.

Dubi abinda ya faru a Logon-Birni. Rigimar ruwa ce tsakanin Larabawa Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, masunta suna haƙa manyan ramuka su tare ruwa da kifi, shanu suna faɗawa ciki. An gwabza a watan Agusta 2021, aka sake a Disamba, wuta ta kai har Kuseri aka ƙona kasuwar shanu. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum 44 suka mutu a rikicin Disamban, ƙauyuka 112 suka ƙone, aƙalla mutum dubu 100 suka bar gidajensu, da yawa suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Irin wannan wutar ba a rana ɗaya take kamawa ba, ƙorafi ne yake taruwa shekara da shekaru, kowane ɓangare yana ganin in ya kai ƙara wanda ya fi kuɗi ko ya fi sanin manya shi zai ci, har ranar da babu wanda ya ga amfanin kai ƙarar.

Abinda nake roƙo ba mai yawa bane. Shugaban ofis in aka kawo masa maganar bashi tsakanin maƙwabta ya maida su wajen jauro ko ya nuna musu hanyar kotu, kar ya buɗe sel. A karanta wa mutum abinda aka rubuta da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Wanda aka nemi kuɗi a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba ya sani akwai lamba 1517 ta hukumar yaƙi da cin hanci CONAC, akwai 1500 ta hukumar ƴan sanda kanta, a kira, ko ba a ga sakamako ranar ba a sake kira. Limamai da gidajen rediyonmu su riƙa faɗa wa mutane maganar awa 48 ɗin nan da Hausa da Fulatanci.

Satin da ya wuce liman ya sake kiran mutanen nan biyu bayan isha'i, mai albasa ya zo ya zauna, har yace ya yafe sauran kuɗin. Telan bai zo ba, ya aiko ɗansa da dubu biyar a ƙulle cikin leda, yace a gaya wa malam sauran ma zai kawo ƙarshen wata.