Matasa, Ku Daina Raina Gurjiya

Jiya da yamma a bakin tasha na ga abin da ya ɓata min rai. Wata yarinya ta kawo dafaffiyar gurjiya a tire, wani saurayi ya sa hannu a aljihu zai saya, sai abokansa suka tuntsire da dariya, wai abincin ƙauyawa ne. Yaron nan ya fasa saboda kunya. Su kuwa masu dariyar, kowa riƙe da kwalbar lemon nan da suke cewa yana ƙara kuzari, wanda sukari ya yi masa katutu.

Ƙannena, don ina ƙaunarku nake magana. Me gurjiya ta yi muku? Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Wannan ƙwayar da kuke yi wa kallon banza, kusan kashi 60 cikin ɗari nata abinci ne mai ba da ƙarfi, kusan kashi 20 furotin mai gina jiki, ga mai ɗan daidai, ga sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, ga kalsiyam na ƙashi. Shi ya sa masana suke kiranta cikakken abinci. Furotin ɗinta yana cike giɓin da gero da dawa da masara suka bari, wato mai cin tuwo kullum shi ya fi kowa buƙatarta. Amma a'a, an fi son taliyar leda safe da dare, sannan a zo ana kukan kasala.

Abin da ya fi ƙona min rai, gurjiya 'yar gida ce. Masu bincike sun nuna asalinta yankin Yola ne zuwa Garwa ta Kamaru. Tana jure fari, tana yi a ƙasar da gyaɗa ta ƙi, har ma ta bar wa gonar taki. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana adana ire-irenta sama da dubu. Je Inugu ka ga yadda Inyamurai suke niƙa ta su yi okpa, wani abinci mai kama da alale, babban mutum ya tsayar da motarsa ya saya ba ya jin kunyar kowa. Mu kuma ɗanmu ya koma ɓoye hannu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na san za a ce tana da wuyar dahuwa, tana cin itace. Gaskiya ne idan ta bushe, amma jiƙa ta a kwana ai ba aikin ƙarfi ba ne. Ƙiwa ce kawai ta yi mana yawa, da son a ce mun waye.

A da, da kaka ta yi, kowace uwa tana da ɗan fegin gurjiyarta a gefen gona, a dafa ɗanya da gishiri, a soya busasshiya, yara su cika aljihu su tafi makarantar allo. Yanzu tamowa na addabar ƙananan yara a Arewa, matan da suka iya adana irin nan a cikin toka suna ta ƙarewa, jikokinsu kuwa ko ganyenta a gona ba za su iya nuna maka ba.